Wasiƙa zuwa ga masu saƙar kwando da adudu na ƙasar Kajuru

Iyayena da yayyena,

Ina gaida na Kufana da Kallah da Maro da Idon, da duk mai ɗauko kayansa zuwa Kasuwan Magani ranar Alhamis. Sannunku da aiki.

Abin da ya sa na rubuto shi ne na ga wasunku sun shiga tseren araha da roba, kuma wannan tsere ba mai cinsa da hannu. Kafin ku gama tsaga ganyen kwando ɗaya, injin Kano ya zubo na roba jibgi guda. Garin sauke farashi sai saƙa ta yi sako-sako, gindi ba ƙarfi, baki ba a naɗe shi da kyau ba, marfin adudu ya ƙi zama. Matar da ta saya ya warware mata cikin wata biyu ba za ta nemi wanda ya saƙa ba. Cewa za ta yi kayan gargajiya ba su da ƙarko, laifin mutum ɗaya ya shafi kowa.

Ku dubi maganar bushewa, don a nan aka fi yin asara. Daminarmu doguwa ce, tun Afrilu har Oktoba, ba kamar ta Katsina ko Maraɗi ba inda kaba ke bushewa da kanta. Ganyen da aka saƙa da sauran danshi zai yi hunhuna, ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, warinsa ya kama tufafin da aka adana a ciki, alhali don tsare tufafi ake sayen adudu. Ku tanadi ganye da rani, ku shanya a inuwa mai iska don kada rana ta ƙona shi ya riƙa karyewa, ku ɗaure dami-dami ku rataye a sama nesa da ƙasa da gara. Ranar saƙa ku yayyafa ruwa daidai yadda zai lanƙwasu, in an gama a sake shanyawa kafin a kai kasuwa. Mai rini da galura ya ɗauraye har sai ruwa ya fita fes. Jan karan dafi na iyayenmu kuwa har yanzu ban ga wanda ya fi shi kyau a ido ba.

Sai itacen kansa. Na san shiga kurmi neman tukurwa ya zama sayar da rai a shekarun nan, Allah Ya kawo mana sauƙi. Shi ya sa na kusa da gari suke shan sara fiye da kima. Kada ku kwashe toho duka a kan itace ɗaya, kuma ku yi magana da masu sare giginya don azara, domin wanda ya shuka ta yakan tsufa kafin ta isa. Mai fadama a bayan gida ya dasa tukurwa tun bana.

Kasuwa tana nan. Kwandunan Bolgatanga ta ƙasar Gana, na ciyawa ne, ana sayar da su a Turai da Amurka, saboda masu saƙar sun haɗa kai a ƙungiyoyi, kuma in an ce a kawo ɗari masu girma ɗaya, ɗari za a gani. A 2024 gwamnatin Legas ta hana amfani da wasu robobin zuba abinci, masu shaguna a birane kuma sun fara neman mazubi mai kyan gani. Ku tsayar da awo uku, ƙarami da matsakaici da babba, kowa ya yanki sandar awonsa. Ku lissafa kuɗin ganye da kwanakin aiki kafin ɗan sari ya buɗe baki. Yaranku masu waya su ɗauki hoto su tura ta WhatsApp, kuma yaron da ya zauna koyo a ba shi kasonsa daga abin da hannunsa ya saƙa, ko da faifai ne.

Naku,
ɗanku mai sayen kayanku.