A Gyara Tsofaffin Bututun Ruwa Kafin A Yi Bikin Sababbi

Mutanen Gwiwa, Roni, Kazaure da Babura ba baƙi ba ne ga yadda aikin ruwa yake tafiya a ƙasar nan. A haƙa burtsatse, a ɗora tanki, a binne bututu, a yi bikin buɗewa. Ranar da bututun ya tsage a ƙarƙashin ƙasa kuwa babu mai waiwayarsa, domin gyara ba ya jawo tafi, kwangilarsa kuma ba ta da maiƙo.

Alhali tsagaggen bututu ba asarar ruwa kaɗai yake jawowa ba. Da zarar an ɗauke ruwa, sai tsagar ta zuƙo ƙazantar kwata da ta masai zuwa ciki. In ruwan ya dawo, shi talaka zai tara a randa, ya shayar da 'ya'yansa, ya yi alwala. A 2021 Jigawa tana cikin jihohin da amai da gudawa ya fi yi wa ɓarna. Ashe wannan abin sakaci ne?

Uzurin da aka saba kawowa shi ne wai gyara sai an fasa kwalta, an tare hanya. Wannan uzuri ya daɗe da mutuwa. Tun 1971 wani injiniya mai suna Eric Wood ya gyara magudanar ƙazanta a Landan ba tare da tone ta ba. Ana zura yadi mai kauri da aka jiƙa da danƙo cikin tsohon bututun, a hura shi ya manne, in ya sandare ya zama sabon bututu. Wata hanyar kuma ramuka biyu kawai ake haƙawa, a ja bututun roba ta cikin tsohon.

Gaskiya ne a ƙauyukan Gwiwa, inda ƙaramin bututu yake kwance cikin ƙasa ba kwalta, diga da shebur sun fi araha. Amma inda ya ratsa ƙarƙashin titi ko kasuwa, kamar cikin garin Kazaure, fasa kwalta ɓarnar dukiyar jama'a ce.

Saboda haka wajibi ne mahukunta su san shekarun kowane bututu da inda yake yoyo, su ware kuɗin gyara duk shekara, a kuma horar da matasa wannan sana'a a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure. Ruwan sha amana ne, kuma akwai ranar da za a tambayi duk wanda aka damƙa wa amana.