Zauren 'Yan Mata: Malamar Kurame, Fara Da Uwar Yarinya

 Yau zancena da masu karatun koyar da kurame da makafi da yara masu jinkirin fahimta ne, musamman waɗanda za su fita gwajin koyarwa, abin nan da kuke ce wa TP. Ke ma 'yar sakandare kar ki wuce shafin nan, don fanni ne da ake karantawa a Jami'ar Bayero da ta Jos, har ma akwai kwaleji sukutum a garin Oyo da gwamnatin tarayya ta buɗe a 1977 domin shi.

A aji an koya muku cewa kowane yaro ana rubuta masa tsarinsa shi kaɗai: abin da ya iya yanzu, abin da ake so ya iya kafin ƙarshen zango, wanda zai koya masa, da ranar da za a zauna a duba. A Amurka tun 1975 doka ta wajabta wannan takarda, ta kuma ce da iyaye za a rubuta ta. Mu kuwa nan sai ki ga ɗaliba ta ƙule a ɗakin malamai ta cike abarta ita kaɗai, don mai dubawa ya ba ta maki. Haba ƙanwata! Yarinyar da kika sani sati biyu, za ki fi wadda ta goye ta saninta?

Mu ɗauki kurma. Maganar hannun da ake koyarwa a makarantun kurame, irin ta Tudun Maliki a Kano, tushenta Amurka ne. Wani kurma baƙar fata, Andrew Foster, shi ya kawo ta Najeriya a 1960. Amma kuramen ƙasar Hausa suna da tasu tun kaka da kakanni, kuma kowace uwa akwai alamun da suka saba ita da 'yarta. In ba ki tambaya ba, yarinya za ta koma gida da hannun makaranta, tana ta nuni uwar na kallonta. Kin ga maimakon ki haɗa su, kin raba su. Daga nan sai uban ya ce karatun ba amfani, a ɗora mata talla, ko a miƙa mata ƙoƙon bara.

To, ki nemi izinin shugaban makaranta, ki tafi gidan tare da malamar ajin. Ku fara gaida maigida, sannan ku shiga ciki. Sunan yarinyar za ki kira, ban da "bebiyar nan". Ki tambaya, "Umma, da shi aka haife ta, ko ciwo ne?" Tambayar nan babba ce. Sanƙarau yana tafiya da ji, kuma annobarsa ta 1996 ta bar kurame da yawa a Arewa. Yarinyar da ta taɓa ji ta yi magana kafin ciwo ya same ta tana da sauran kalmomi a bakinta, an fi saurin koya mata karanta leɓe. Wadda ba ta taɓa ji ba, hanyarta daban.

Sai ki ce, "Umma, me kike so ta iya?" Ki yi shiru ki saurara. Wata alwala da sallah za ta ce, wata ƙirga canji, wata kuma rubuta sunanta da unguwarsu ko da ta ɓata. Akwai ɗaya da kunya ke hana iyaye faɗa, ke ki ɗauko shi a hankali: yarinya ta san alamar da za ta gaya wa uwarta in wani ya taɓa ta inda bai dace ba. Mugaye sun san kurma ba ta iya kai ƙara.

Abu uku ku zaɓa, kar ki jero ashirin. In Umma ba ta karanta boko, ki zana mata, ko ki jawo ƙanwar yarinyar ki riƙa koya mata alama biyar duk sati. Kuma don Allah kar daɗin baki ya sa ki yi alkawarin za ta yi magana.

TP ƙarewa yake, ke ki koma kwaleji, yarinya tana nan. Kafin ki tafi ki kwafi takardar gida biyu, ɗaya ga malamar ajin, ɗaya ga Umma, da ranar da za su sake zama rubuce a jiki. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.