WAI ME FARFESOSHINMU SUKA ƘIRƘIRA?

Jama'a, na gaji da wannan tambayar. Da zarar an ɗauke wuta a Kwarbai ko Ƙofar Doka, sai ka ji wani a majalisa yana cewa, "Ga ABU nan cike da injiniyoyi amma ko kwan fitila sun kasa kunna mana." Haba Malam! An bar jaki ana dukan taiki.

Ku ɗauki Farfesa Abubakar Sani Sambo, haifaffen Zariyan nan. A ABU ya karanta injiniyanci, ya yi digirin digirgir a Ingila, ya jagoranci cibiyar binciken makamashi ta Sakkwato, ya shugabanci jami'ar ATBU ta Bauchi, sannan daga 2005 ya riƙe Hukumar Makamashi ta Ƙasa. Rayuwarsa kaf a kan makamashi ta tafi, musamman hasken rana. To shi ne zai ciro kuɗi daga aljihunsa ya gina mana tashar wuta?

Wasu kuma su ce ai akwai nukiliya a Samaru. Gaskiya ne, tun 2004 take aiki a cibiyar CERT. Amma ƙarfinta kilowat 34 ne kacal, kuma ba don ba da wuta aka kafa ta ba. Ta bincike ce, ana gwada ƙasa da ma'adinai ana koyar da ɗalibai.

Yanzu duniya ta karkata ga wata na'ura mai kama da batir, wadda ke haɗa iskar haidurojin da iskar oksijin ta samar da lantarki. Ba hayaƙi, ba ƙarar janareto, ruwa kawai take fitarwa. Da irinta Amurka ta ba kumbon Apollo wuta a tafiyar wata, kuma tun 2014 Toyota ke sayar da motar Mirai mai aiki da ita. Ita haidurojin ɗin ana iya raba ta daga ruwa da wutar sola. Rana kuwa, wa ya fi mu?

Amma fa wannan aikin ba da alli da allo ake yin sa ba. Sai da ɗakin gwaji, da kayan aiki masu tsada, da wutar da ba ta yankewa. Mu kuwa a 2022 wata takwas jami'o'in gwamnati suna rufe. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, jami'o'i suka koma kukan bil ɗin wuta maimakon sayen kayan bincike. Yaron da ya yi fice kuma, da Turai ta yafito shi sai ya tafi. Wallahi ban ga laifinsa ba.

Saboda haka in za mu yi faɗa, mu yi shi da masu rabon kasafin kuɗi. Ɗan siyasar da ya shigo cikin ganuwa neman ƙuri'a, kafin ku karɓi taliyarsa ku tambaye shi nawa ya nemo wa binciken makamashi a ABU. In ya fara kame-kame, kun san amsar.

Wanda bai yarda ba ya zo da hujja, ban da zagi. Allah Ya kyauta.