Dajin Baban Rafi: a ba makiyaya kujerarsu

Jama'a ƴan kasuwa, iyayenmu mata masu tuwo da masu fura, yau maganarmu a kan dajin Baban Rafi take, wanda ke kudancin Madarunfa, kusa da iyakar Najeriya. Kada ku ce ina ruwanmu da daji. Iccen da ke ƙarƙashin tukunyarku, nonon da kuke dama fura da shi, da naman da mahauta ke rataya ran kasuwar Gabi ko Ɗan Isa, da yawansu daga can suke fitowa.

Duk lokacin da aka ce dajin ya ragu, sai a nuna Bafulatani da shanunsa. Mu dai ba mu yarda ba. Saniya ba ta ɗaukar gatari. Gonaki ne suka yi ta cin bakin dajin shekara da shekaru, motoci kuma na kwasar icce zuwa Maraɗi, mu mutanen gari muke ƙonawa. Dabba kuwa tana cinye busasshiyar ciyawar da wutar daji ke kamawa, ta bar taki, ta kuma watsa ƴaƴan gawo a cikin kashinta. Gaskiya ne, da rani akwai makiyayan da ke sare rassan itatuwa har su kashe su. Wannan laifi ne, a hukunta mai yin sa.

Amma ta yaya mutum zai kiyaye dokar da aka yi ba ya nan? Tun 1992 gwamnati ta kafa kasuwannin icce na karkara, ta ba ƙauyuka ikon sara da sayarwa, har da kaso cikin haraji. Masu gatari sun samu kujera. Masu sanda fa? Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun amince da haƙƙinsu na burtali da mashaya da makiyaya, sai dai takarda ba ta hana a shuka gero a tsakiyar burtali. Ba mu manta Toda ba, a 1991, inda rikicin gona da kiwo ya ci rayuka sama da 100, akasari mata da yara.

Ga kuma ɓarayin shanu da masu satar mutane da suka mai da dajin maɓoya a shekarun baya-bayan nan. Makiyayi na gari shi ne farkon wanda suke kore wa garke, sannan in ya shigo kasuwa a bi shi da kallon tuhuma. In ya gaji ya kaɗa shanunsa ya tafi, ƙwaryar nono za ta yi tsada, ɓarawo kuma ya samu daji babu mai ganinsa.

Saboda haka muna kira ga magadan gari, sarakuna da ma'aikatan gandun daji: duk kwamitin da ke raba dajin nan, a zaunar da arɗo a cikinsa, da bakin magana, ba don ya cika hoto ba. A tsare ranar shiga da ranar fita tare da shi. Ku kuma masu sarin icce, ku riƙa tambayar direba takardarsa kafin ya sauke muku lodi.