A Sake Duba Dokar Canjin Jami'a Ga Ɗalibi Mai Raunin Sakamako

Kowace shekara, da zarar majalisun jami'o'inmu sun zauna sun tabbatar da sakamakon jarrabawa, sai a liƙa sunayen ɗaliban da aka yi wa gargaɗi da waɗanda aka sallama. Abin da ke biyo baya kuwa duk wanda ya taɓa aiki a ofishin magatakarda ya san shi: uba ya zo riƙe da takardar sakamakon ɗansa, yana tambaya ko akwai wata jami'a da za ta karɓe shi. Amsar da yakan samu ita ce babu, domin bisa ga al'ada jami'o'in Nijeriya ba su karɓar mai neman canji sai wanda ke da kyakkyawan matsayi a inda ya fito. Watau wanda ya fi kowa bukatar canjin shi ne aka fara rufe wa ƙofa.

A ganina wannan doka tana bukatar gyara, kuma dalilin yana cikin lissafin kansa. A ma'aunin maki 5 da yawancin jami'o'inmu ke bi, sai ɗalibi ya kai 2.40 kafin ya sami digiri mai daraja ta biyu ta ƙasa, kuma tun daga zangon farko ake tara matsakaicin. Saboda haka yaron da ya sami 1.00 a shekararsa ta farko, sa'an nan ya farfaɗo ya sami 3.50 a ta biyu, in nauyin darussan ɗaya ne, 2.25 kaɗai takardarsa za ta nuna. Mai duba lambar nan ba zai ga farfaɗowar ba. Haka kuma ba zai ga cewa yaron ya nemi shari'a ne aka tura shi wani sashen da bai taɓa sha'awa ba, ko ciwo ne ya kwantar da shi, ko kuwa yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022 ne ya raba shi da littafi.

Ba a ko'ina ake yin haka ba. A Jihar Kalifoniya ta Amurka, tun daga tsarin manyan makarantu na 1960 aka shimfiɗa hanya daga ƙananan kwalejoji na shekara biyu zuwa jami'a. Jami'ar Kalifoniya tana duba takardar ɗan jihar da ya kammala darussan da aka ƙayyade da matsakaicin 2.4 cikin 4, ko da yake sassan da ake rububinsu suna neman fiye da haka. Abin lura shi ne wanda ya fara da rauni yana da inda zai je ya gyara.

Mu kuwa da muka toshe hanyar gaskiya, ai mun ga inda ta ɓulle. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya bayyana yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, har Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri na ƙasashen Benin da Togo a watan Janairu na 2024. Masu irin wannan kasuwa ba su da abokin ciniki kamar uban da aka sallami ɗansa.

Za a ce guraben karatu ba su isa ba, kuma martabar digiri za ta zube. Maganar gurbi gaskiya ce, amma ba wanda ya ce a karɓi kowa. Kamata ya yi Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da hukumar JAMB su fito da ƙa'ida guda: a duba sakamako darasi bayan darasi, a fi ba zangon ƙarshe nauyi, a mai da ɗalibin baya da aji ɗaya, a ba shi shekara guda ta gwaji. In ya kāsa, a sallame shi ba tare da ja-in-ja ba. Wanda aka kora saboda satar jarrabawa kuwa, wannan magana ba ta shafe shi ba.

Su kuma ɗalibai, kada wani ya ruɗe su da shawarar ɓoye tsohon sakamako. Ran da aka gano, jami'a tana da ikon ƙwace digirin ko da an yi shekaru ana aiki da shi. Wanda ya ga makinsa na zamewa, ya nemi canjin sashe a cikin jami'arsa tun kafin majalisa ta zauna a kansa, domin wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.