Uwargida, Bayan Doguwar Rage Cin Abinci, Ta Yaya Za Ki Koma Ci?

 Yau magana ta shafi wadda ta shafe watanni, wata ma shekara, tana takura wa cikinta don rage ƙiba ko tumbin bayan haihuwa. Ta daina tuwon dare, ta bar fura, sai shayin rage ƙiba da ɗan ganye. Da farko nauyi ya sauka, daga baya ya tsaya cik. Yanzu ga kasala, ga jin sanyi, ga zubar gashi, wata har al'adarta ta rikice, amma tana tsoron ƙara ko da loma ɗaya.

Abin da ke faruwa shi ne, jiki yana da tattali. Idan abinci ya daɗe yana ƙaranci, sai ya rage yawan abin da yake ƙonawa. A 1944 zuwa 1945, masanin nan Ancel Keys na Jami'ar Minesota a Amurka ya gwada wannan a kan maza 36. Wata shida suna cin kusan rabin abin da suka saba, suka rasa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, abin da jikinsu ke ƙonawa lokacin hutu kuma ya faɗi da kusan kashi 40 cikin 100. Da aka zo farfaɗo da su, waɗanda aka fi ƙara wa abinci su suka fi saurin murmurewa, ƙwayoyin bitamin ba su yi wani tasiri sosai ba.

Sai dai ki sani, jiki ba wayar hannu ba ce da za a kashe a kunna ta koma sabuwa. Wani bincike da aka wallafa a 2016 a kan mutum 14 da suka rage ƙiba mai yawa a wani shirin talabijin na Amurka ya nuna cewa bayan shekara 6 jikinsu bai koma ƙona abinci kamar da ba. Don haka duk mai tallata miki wani haɗi da zai gyara komai cikin sati biyu, kuɗinki yake so. Abin da ƙarin abinci zai dawo miki da shi shi ne ƙarfi, barci mai daɗi da natsuwa.

To yaya za ki fara? A hankali, wai an ce sannu ba ta hana zuwa. Ki ƙara kimanin kalori 100 zuwa 150 a abincinki na kullum, ki tsaya a haka sati ɗaya ko biyu, sannan ki sake ƙarawa. Ba sai kin nemi abincin kanti ba, abin da ke kasuwar Bodinga ya wadatar. Dafaffen ƙwai ɗaya yana da kalori kusan 75, cikin tafin hannu na gyaɗa ya haura 150, cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa kuwa kusan 120 ne. Ki fifita masu gina jiki: wake, nono, ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale, da kifi, wanda matan Shagari ke samu saboda madatsar ruwan garin. Ki dawo da furar gero ba tare da cika sukari ba, ki kuma riƙa cin abinci sau uku a kan lokaci.

A satin farko sikeli zai iya hawa da kilo ɗaya ko biyu. Kada hankalinki ya tashi, yawancinsa ruwa ne da jiki ke ajiyewa tare da abincin sitaci. Ki ci gaba da tafiyar ƙasa da aikin ƙarfi irin su daka, domin tsoka ta fi kitse ƙona abinci.

Idan kina shayarwa, jikinki na buƙatar ƙarin kalori kusan 500 a rana, wannan ba lokacin takura wa ciki ba ne. Kuma kada ki tsallake daga shayin rage ƙiba ki faɗa ga ƙwayoyin sha-ka-fashe, wasunsu na jawo hawan jini da ciwon suga.

Wadda ta rame sosai, ko ta daɗe ba ta cin kusan komai, kada ta fara ƙari ita kaɗai, domin cika ciki farat ɗaya na iya rikita gishirin jini har ya taɓa zuciya. Haka mai ciki, mai ciwon suga, da wadda al'adarta ta ɗauke wata uku. Ku fara zuwa asibiti mafi kusa, idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.

Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.