Wai Waƙa Ce Ko Laya?

Mai karatu, yaushe rabonka da ka karanta rubutacciyar waƙar samarin yanzu ka gane inda ta dosa? Ni dai kwana uku na yi ina fama da wata da wani matashi ya ba ni a taron marubuta. Wannan layi kalma biyu, na biye kalma ɗaya, sai ɗige-ɗige. Ba kari, ba amsa-amo. Na kai ta majalisarmu a Zaitawa, na karanta wa wani dattijo da ya haddace Imfiraji ta Aliyu Namangi. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To yaro, yaushe za a fara waƙar?"

Da na koma wa mai ita, wai sabon salo ne, ni ne ban kai ba. Haba malam!

Kada ka ce wahala nake gudu. Ai Alhaji Aƙilu Aliyu ma ba a shan waƙarsa kamar kunu. Buɗe Fasaha Aƙiliya ta 1976 ka gani: wata kalmar sai ka ɗauko ƙamusun Bargery, wata sai ka tsuguna gaban tsoho. Amma in ka sha wuyar tono, za ka tarar da ruwa a rijiyar. Kuma kari na riƙe da kai, kunnenka ya ƙoshi tun kafin kwanyarka ta gane. Sai da ya laƙanci ƙa'ida kafin ya yi wasa da ita.

Su kuwa samarinmu labarin Christopher Okigbo suka tsinta, wanda a taron Makerere na 1962 ya ce mawaƙa kaɗai yake karanta wa waƙarsa. Sun ɗauki isar, sun bar karatun Latin da Girkanci da mutumin ya sha a Ibadan.

A fim, in darakta ya kasa saita haske ya ce mana duhun fasaha ce, ƙyale shi muke yi? Waƙar Hausa fa da baki ta rayu: a rediyo, a zaure, a bakin makafi masu bara. Yau yara sun koma waƙoƙin fim, mu kuma muna zaginsu, alhali abin da muke miƙa musu ko rerawa ba ya yi.

Na mayar wa matashin takardarsa, na ce ya zo majalisa bayan la'asar ya rera mana da bakinsa. Wata biyu ke nan muna shimfiɗa masa tabarma.